Jitar da Aka Kai Gareji

Maigidana ya iya riƙe jita, wannan kam ba zan tauye masa haƙƙi ba. Ya iya rataya ta a kafaɗa, ya karkatar da kai, ya lumshe ido a ɗauke shi hoto. Kaɗawar ce dai har yau muna jira.

Amma Babana, da yake mutum ne mai kyautata zato, shi ya zaɓa ya ba jitarsa ta ƙarshe. Shekara arba'in yana ƙera jita kafin hannunsa ya fara rawa. Wata tara ya yi a kan wannan. Ya yayyanka katantanwa ƙanana-ƙanana, ya dasa su cikin katakon ɗaya bayan ɗaya, har reshe mai ganye ya kewaye bakinta ya haura wuya. Fuskarta kuwa ya kankare ta ta yi fale-fale, ya shafa mata mai sama-sama, don a cewarsa katako sai yana numfashi yake magana. Ko ƙwanƙwasa ta ka yi da yatsa, sai amon ya daɗe yana yawo a ɗaki. Abu ɗaya Baba ya roƙa: ranar da ya zo gidanmu, yana so ya sake jin muryarta.

Saura kwana uku ya zo, gwanin nawa ya ƙare wa jita kallo ya ce ba ta ɗaukar ido a hoto. Ban ankara ba, ashe gareji ya kai ta, wurin mai fentin mota. Aka fesa mata ruwan sheƙi har sau huɗu. Ta dawo tana walƙiya kamar sabuwar tasi, warin fenti ya cika falo.

"Kin ga aiki?" in ji shi. "Tsohon ya yi ƙoƙari, ƙarasawar ce ta gagare shi."

Don takaici na tashi na buɗe tagogi, warin ya fita.

Da Baba ya zo, ko ruwa bai sha ba ya tambayi jita. Maigida ya miƙa masa da hannu biyu, baki har kunne.

"Baba, na ɗan gyara maka ita."

Baba ya shafa fuskarta, yatsunsa na zamewa. Ya ɗaga ta kusa da kunne ya ƙwanƙwasa. Ƙwas, kamar ƙofar kabad. Ya matsa gefe ya sake ƙwanƙwasawa. Sannan ya ja tsirkiya ɗaya, sautin ya fito ya mutu nan take.

"Yaya, Baba? Ta fito ko?"

"Ta yi sheƙi," in ji Baba. "Kunnen nawa ne ya tsufa, ba na jin komai yanzu."

Maigida ya girgiza kai, wai shi mai tausayi, har da alkawarin kai shi wurin likitan kunne. Baba ya kwantar da jitar a kan kujera a hankali, ya juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Auta, je ki ƙara murɗa famfon kicin ɗinki. Tun da na shigo yake ɗiga."