Ranar da Banki Ya Tashi daga Bakin Kasuwa

A zamanin Turawa, lokacin da gyaɗa ke tashe, wani banki ya buɗe ƙofa biyu a Kankiya: ɗaya a bakin kasuwa, ɗaya can bakin titin Katsina, kusa da sikelin awon gyaɗa. Hawwa'u mai nono ba ta taɓa leƙa ko ɗaya ba, amma na bakin kasuwa shi ke ciyar da ita. Manoman Kusada da Dudunni sukan yini a ƙofarsa suna jiran layi, yunwa ta miƙo mata su ɗaya bayan ɗaya. In ka raba ta da ƙofar nan, ka raba 'ya'yanta da tuwon dare.

Wata safiya ta iso da ƙwarya a kai, ta tarar an fasa bangon bankin. Ƙarti sun ɗaura igiya suna jan wani abu daga ciki, suna nishi.

Akwatin ƙarfe ne, ya fi mutum tsawo, baƙi wulik, ba kwaɗo ba marfi, sai wata ƙafar keke ta tagulla a ƙirjinsa. An shimfiɗa masa itacen giginya yana gangarawa a kai, giginyar ma kuka take yi. Hawwa'u ta ga manyan bajimai a rayuwarta, amma ba ta taɓa ganin abin da ba ya numfashi ya gajiyar da maza haka ba. Da aka ɗora shi a mota, motar ta durƙusa kamar raƙumi.

Ta matsa wajen Jaji, tsohon maigadin bankin.

"Baba, ina za a kai shi?"

"Bakin titi, ɗiyata. Manya sun ce ƙohwa biyu ta yi ma gari guda yawa. An haɗe su."

"To mi ya bar ma mai hili?"

Jaji ya dube ta. Ita kuwa da gaske take. A rugarsu, in shanu suka kwana a gonar mutum suka tashi, sukan bar masa taki, shi kuma ya sallame su da damin gero. Ta leƙa ta bangon da aka fasa. Daɓe ne fes, sai gurbi huɗu inda ƙafafun akwatin suka nutse.

"Ikon Allah," in ji ta. "Duk shekarun nan yana kwance wuri guda, bai bar ko kashi ba."

Sai ta yi abin da kowane makiyayi zai yi: ta gyara gammo, ta bi sawun motar. Garke dai ba ya ɓata wa mai bin sawu.

Ginin bakin titin ya ƙara ba ta mamaki, ga tagogin gilashi rana na wasa a kansu. Layin kuwa ya ninka, har ya zagaya ginin. Zuciyarta ta yi sanyi, ta fara neman inuwar da za ta sauke.

Inuwar guda ce, kuma da mai ita. Mairama 'yar Rimaye ta daɗe tana sayar da fura da nono a nan, kuma mai nono ba ta sauke ƙwarya a inuwar 'yar'uwarta. A gaban Mairama, Sodangi dillalin gyaɗa na tsugune, mutumin da ya sha rantsewa ba ya shan furar kowa sai ta Hawwa'u. Ya ɗago ya gan ta, ludayi a bakinsa. Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da sha.