Bizar Mutum Biyu

Badiyya na tsaye kan tandar waina a bakin mayankar Agege lokacin da wayar mijinta ta shigo. Ta maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, hannunta bai daina juya waina ba. Abdulgani ne daga Italiya, inda ya tafi tun yaransu ba su shiga makaranta ba, yana yankan nama a shagon wani Balarabe. Ya ce hukumar can ta ba shi izinin kawo iyalinsa, abin da ya rage su je ofishin biza a nan Legas.

"Alhamdu lillahi," in ji Badiyya.

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"To me zan ce, Baban Safina? Ga mahauta tsaye suna jiran waina."

Ba ƙin tafiyar take yi ba. Ta daɗe tana jiran wannan magana, har jiran ya zame mata jiki, yanzu da maganar ta zo sai ta rasa inda za ta ajiye ta. Ta sallami mutanenta, ta wanke tanda, ta hau babur ɗin okada zuwa gida.

Yara biyu gare ta, Safinatu da Surayya, ajinsu ɗaya a ƙaramar sakandare. Duk layinsu 'yan biyu ake ce musu, amma Safinatu kaɗai ta haifa. Surayya 'yar ƙanwarta Nazifa ce, wadda ta rasu a kan gwiwa lokacin Safinatu na da wata uku a duniya. Ranar, mahaifiyarsu Inna Dije ce ta naɗo jaririyar a zani ta ajiye wa Badiyya a cinya, ita kuma Badiyya ta ɗaga riga ta ba ta nono. Uban yarinyar, Ƙasimu, direban babbar mota ne mai kawo tumatir daga Arewa. Ya zo suna, ya yi kukansa, ya koma kan hanya. Surayya ta san wannan duka. Ba wanda ya taɓa ɓoye mata, ba kuma wanda ya taɓa zama ya yi mata zancen. Umma take ce wa Badiyya, Abdulgani kuma Baba.

Aka shiga haɗa takardu. Fasfo uku, takardar aure da aka kai aka fassara, takardun haihuwa, hotuna a gaban farin bango. Mai hoton ya hana yaran murmushi, su kuwa dariya ta ƙi tsaya musu, sai da Badiyya ta daka musu tsawa. Ranar da aka ba su, suka yi sammako suka hau danfo, bas ɗin haya, zuwa cikin gari. Layi ya riga su. Aka karɓe wayoyinsu a ƙofa, aka ba su lamba, suka zauna cikin sanyin na'ura har yatsun Badiyya suka sandare.

Ma'aikaciyar da ta kira su Bayarabiya ce, tana zaune bayan gilashi. Da ta ga Turanci na ba Badiyya wahala sai ta juya Yarabanci, wanda Badiyya ta tashi da shi tun tana yarinya a Agege. Ta jera takardun haihuwar yaran, ta dubi wannan ta dubi wancan.

"Madam, yaran nan duk ke kika haife su?"

"Duk nawa ne."

"Ba abin da na tambaya ba ke nan. Wata uku ne tsakaninsu."

Badiyya ba ta ga abin ɓoyewa ba. Ta faɗi yadda aka yi, Surayya na tsaye a gefenta tana wasa da bakin hijabinta. Matar ta saurara har ƙarshe, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce riƙo irin na gida ba ya shiga lissafinsu. Sai an kawo shaidar rasuwar uwar, da yardar uban a rubuce, da hukuncin kotu cewa Badiyya ce mai riƙon yarinyar a doka.

"Ni na shayar da ita," in ji Badiyya.

"Na yarda, madam. Amma ba ni ke yanke hukunci ba. Ni karɓa kawai nake yi."

Ta karɓi fasfo ukun. Aka ɗauki hoton yatsunsu, suka fito cikin rana. A hanya Safinatu ta ce tana jin yunwa, Badiyya ta saya musu gasasshiyar ayaba, su uku suka ci a danfo.

Da Abdulgani ya ji a waya, sai ya ce shi sunayen yara biyu ya rubuta a can, ba wanda ya tambaye shi wace ce wace. Ya ce wataƙila a wuce da shi haka. Badiyya ta ce wataƙila.

Bayan wasu makonni aka kira ta ta karɓo ambulan uku. Ba ta buɗe su a can ba. Ta kawo gida ta ajiye kan katifa, ta ɗauko tire ta zauna tsintar shinkafar wainar gobe. Yaran ne suka yage su da suka dawo makaranta. Safinatu ta yi tsalle tana nuna shafin da aka manna wa takarda mai sheƙi da hotonta. Na Badiyya ma haka. Surayya ta buɗe nata tun daga bangon farko tana bin shafukan ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, ta sake dawowa farko.

"Umma, nawa babu."

"Na gani."

"Ko sun manta ne?"

"Ba su manta ba. Ku je ku cire kayan makaranta."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Tana jiran kuka ya zo mata, bai zo ba. Abin da ta lura da shi kawai, shinkafar wannan buhun ta cika tsakuwa.

Washegari ba ta fita da waina ba, ta tafi kasuwar Mile 12 neman Ƙasimu. Ta ratsa tsakanin manyan motoci da kwandunan tumatir, ƙasa duk ta yi caɓi da ruɓaɓɓe, 'yan dako na ta yi mata ihun ta kauce. Ta yi ta tambaya har aka haɗa ta da wani direba Ɗanliti, wanda ya san shi. Ya ce Ƙasimu na hanya, ta dawo ranar Talata.

Ranar Talata ta sami Ƙasimu zaune a inuwar motarsa yana shan shayi. Ya yi furfura, ya rame. Da ya gane ta sai ya miƙe da sauri har shayin ya zube masa a wando.

"Yaya Badiyya! Lafiya dai? Yarinyar ce?"

"Lafiyarta ƙalau."

Ta yi masa bayani a tsaye. Ta zo da shirin gardama, tun daga Agege take tsara abin da za ta faɗa masa in ya ƙi. Bai ƙi ba. Ya ce duk inda ake so ya dangwala hannu zai dangwala, ai ita ce uwarta, shi me ya taɓa yi mata. Roƙonsa ɗaya, a bar shi ya gan ta.

Da yamma ya zo gidan da kwandon tumatir a bayan okada. Surayya ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda take gaida kowane baƙo. Ya tambaye ta karatu, ta ce lafiya. Ya tambaye ta ajinta, ta faɗa. Daga nan magana ta ƙare musu. Ya yi ta kallon ta yana murza hularsa a hannu, can ya ce da Inna Dije, wadda ke zaune tare da su, "Inna, kamarsu ɗaya da Nazifa." Ya tashi ya tafi tun kafin a kawo masa abinci.

Lauyan da limamin layinsu ya haɗa su da shi mutum ne mai faɗin gaskiya. Ya ce yardar uba ta samu, wannan an wuce shi. Amma Nazifa a gida ta rasu, a ranar aka binne ta, ba wata takarda, sai an nemo shaidu sun yi rantsuwa. Bayan nan jami'an walwala za su zo su duba gida, sannan kotu ta sa rana. Badiyya ta tambaye shi ko za a gama kafin bizar ta mutu, don an rubuta mata wa'adin da dole ta shiga ƙasar. Ya cire tabaransa ya goge.

"Hajiya, ba zan yaudare ki ba. Ba na jin haka."

Suka je kotu sau ɗaya, aka ɗaga. Ranar da aka sa ta wuce wa'adin bizar.

Abdulgani ya shiga kira safe da rana. Ya ce in ta bari bizar ta mutu sai an koma farko, kuma ba shi da tabbacin za a sake ba shi izini, don Balaraben na maganar sayar da shagon. Ya ce su taho, da zarar kotu ta gama zai nema wa Surayya daga can. Wani lokaci ya lallashe ta, wani lokaci ya yi faɗa, rannan har ya fashe da kuka ya ce Safinatu ba ta san fuskarsa ba sai a waya. Badiyya ta riƙa cewa to. Inna Dije ma ta kira ta ɗaki.

"Ki bi mijinki. Ki bar min ita, ai ban mutu ba."

"Inna, ƙafarki fa?"

"Da ƙafa ake riƙon yarinya? Ni na kawo miki ita, ki dawo min da ita aro."

Badiyya ba ta taɓa buɗe baki ta ce za ta tafi ba. Abubuwa ne suka yi ta faruwa tana kallo. Tikiti ya zo ta waya. Maƙwabciyarta ta karɓi wurin sana'arta. Mata suka yi ta shigowa sallama, wannan da kuka da daddawa, waccan da yaji, suna cewa ta taki sa'a, tana amsawa da amin. In ta ci abinci ba ta jin gishirinsa. Rannan ta tsinci kanta tsaye a tashar danfo da jaka a hannu, ta kasa tuna inda za ta.

Ana jibi tafiya ta zazzage akwatin yaran a tsakar ɗaki don ta raba kayan. Nan ta tsaya. Tun suna jarirai komai iri ɗaya take ɗinka musu, tsayinsu ɗaya, akwatinsu ɗaya, ba ta san wace riga ce ta wa ba. Ta ɗaga wata atamfa shuɗiya ta ajiye, ta sake ɗagawa. Surayya ta shigo ta same ta haka, ta durƙusa ta fara warewa.

"Wannan ta Safina ce, Umma, ta ƙone ta da dutsen guga a nan. Wannan tawa. Rigunan sanyin nan ku tafi da su duka, ni ba na bukata a nan."

"Ba daɗewa za ki yi ba."

"To."

"Kotu na gamawa Babanku zai aiko."

"To, Umma."

Ta ninke na Safinatu tsaf ta jera a sabuwar jaka, ta maida nata tsohon akwati ta tura ƙarƙashin gado.

Ranar tafiya Surayya ta ce suna da jarrabawa, ba za ta raka su filin jirgi ba. Ba wanda ya matsa mata. Ta sa kayan makarantarta ta zo ta durƙusa. Safinatu ta ƙanƙame ta tana kuka har da shessheƙa, sai da Inna Dije ta ɓamɓare su. Badiyya ta gyara mata hijabin da ya karkace, ta ce ta riƙa jin maganar Inna, kada ta riƙa kai wa magariba a waje. Surayya ta ce to, Allah ya kiyaye hanya. Ta fita. Badiyya ta bi ta da ido har ta sha kwanar masallaci, sannan ta juya ta tambayi mai tasi ko jakunkunan za su shiga but.

A jirgi Safinatu ta yi kuka har barci ya ɗauke ta. Badiyya ta cinye abincin da aka kawo mata tas, ba ta san ko mene ne ba. Da suka sauka wani jami'i ya dubi fasfonsu, ya dubi fuskokinsu, ya buga hatimi ya miƙo. Bai tambaye ta komai ba.

Abdulgani na tsaye bayan shingen ƙarfe, ya yi ƙiba, gemunsa ya fara fari. Ya rungume Safinatu ya ɗaga ta sama kamar ƙaramar yarinya. Sannan ya buɗe ledar da ke hannunsa ya zaro jar rigar sanyi mai kauri ya sa mata. Akwai wata irinta sak a cikin ledar, ya saye su tare tun ranar da izini ya fito. Ya yi saurin naɗe bakin ledar ya maƙale ta a hammata.

"Sannu da hanya, Badiyya. Kin gaji?"

"Akwai nisa zuwa gidan?"

"Da ɗan tafiya. Sai mun hau jirgin ƙasa."

"To mu je."

Surayya tana Agege wurin Inna Dije har yanzu. An koma kotu, shaida ɗaya bai zo ba, aka sake ɗagawa. Duk ranar Lahadi Badiyya kan kira ta bayan la'asar, ta tambaye ta karatu da ƙafar Inna, ita kuma ta tambayi sanyin garin, sannan ta ce a ba ta Safina.