Ganyen Saman Uhudu

Abdussamad ya dafa wani jan dutse ya tsaya yana haki. Farar jallabiyarsa ta jiƙe sharkaf, takalmin ofis ɗin da ya sako ya tsage ta gefe. Shekararsa hamsin da huɗu, ashirin da shida daga ciki a kan kujera ya yi su yana buga hatimi, ga ciwon suga. Tun yana yaro yake ganin dutsen Uhudu ta tagar gidansu a Madina, bai taɓa sanin haka yake da mugun tsayi ba sai yau.

Mahaifiyarsa, Inna Asama'u, tana kwance a gida. Jiya likita ya sallame ta, ya ja shi gefe ya ce a kai ta cikin 'ya'yanta, yau ne ko gobe. Bayan sallar asuba ta buɗe ido ta ce tana marmarin ganyen Uhudu irin wanda babansu yake kawo mata.

Kowa a gidan ya san ganyen nan. Duk shekara baban nasu, marigayi Malam Mahmudu, yakan fita da sassafe, ya dawo da azahar da ɗan ƙullin ganyen ƙaya, ya ce daga can ƙololuwa ya tsinko, inda albarkar ta fi yawa. Su tauna suna yamutsa fuska, shi kuwa ya miƙe ƙafa a yi masa tausa. Mutumin da ya tako daga ƙasar Hausa har Madina, wa zai yi masa musu?

Awa uku Abdussamad ya yi yana hawa. Hanya ta ƙare tun da wuri, sai tsakuwa mai zamewa da duwatsu masu ƙona tafin hannu. Ruwansa ya ƙare. Sau biyu ya wuce 'yan bishiyoyin ƙaya ya kau da kai, don ba zai kai wa Inna na rabin hanya ba. Da rarrafe ya ƙarasa.

A sama babu komai. Dutse ne tsirara, ko ciyawa babu. Ya zagaya, ya leƙa kowane tsagi, sannan ya zube a zaune. Ga Madina can ƙasa, hasumiyoyin Harami suna ƙyalli cikin zafin rana. Ya gaji har kukan ma ya ƙi zuwa.

Wayarsa ta yi ƙara. Ƙanwarsa Sharifa ce.

"Yaya, fenak, kana ina? Tun ɗazu take tambayarka."

"Ina sama. Wallahi ma fi shajara, Sharifa, babu bishiya. Ko guda."

Ya ji motsi, sai numfashin Inna a kunnensa, a hankali, yana yankewa.

"Abdu, wai hawa ka yi?"

"Na hau, Inna. Bishiyar Baba ta mutu, ina jin."

Wani sauti ya fito wanda ya ɗauka tari ne. Dariya take yi.

"Wace bishiya? Babanka ko gadon sama ba ya iya hawa, jiri yake ji. A gindin dutsen yake tsinkowa, bayan mai shayi. Ya zauna hira har azahar."

"Kin sani?"

"Mutum ya hau Uhudu ya dawo riga fes? Ni nake wankin." Ta huta. "Shekara talatin ban nuna masa ba. Yana jin daɗin tausar."

Abdussamad ya rufe ido. Haushi ya kama shi, na Baba da na kansa, sai kuma tsoro ya danne duka biyun. Awa uku ya kwashe daga cikin abin da ya rage mata, kuma saukar ba za ta gaza haka ba.

"Khalas, shi ke nan, bar ganyen," in ji Inna. "Zo ka zauna kusa da ni."

Ya miƙe, gwiwoyinsa suka ƙi ɗaukarsa. Ya dubi gangaren. Sharifa ta karɓi wayar, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Yaya, bi sur'a, yi sauri. Hannunta ya fara sanyi."

"Kar ki kashe. Ajiye mata a kan matashi, kusa da kunne."

Ya tattare jallabiyar zuwa ƙugu, ya zauna a kan tsakuwa mai zafi, ya fara ja da gindi, hannu ɗaya a dutse, ɗaya riƙe da waya.

"Inna, kina ji na? Ga ni zaune. Faɗa mini, wa yake hira da shi wajen mai shayin?"