Duhun da ke Gefen Hoto

…kuma ba zai zauna ba. An ba shi kujera, ya gani, ya gode, amma ba zai zauna ba. Mai gadin laburaren ya ce alƙaliyar gasar tana hanya, Malam ya ɗan jira. To, yana jira. Tsawon rayuwarsa ta koyarwa bai taɓa barin aji yana jiransa ba, amma yau ga shi a tsaye a ɗakin taro da sanyin safiya, daga shi sai hotunan da ke bango, sai kujerun roba da aka bari tun jiya, kowace ta kalli gabanta. Ba tsari. Daga nan ma ai ka san irin gasar.

Ba kofin yake so ba. Da wannan zai fara. Gasar hoto ta ƙungiyar 'yan fansho, wa zai zubar da hawaye a kanta? Abu ɗaya ya kawo shi: alƙaliyar ta janye maganarta. A gaban jama'a ta faɗa, a gaban jama'a za ta janye. Zai ce mata, 'yata, na haife ki, na haifi wanda ya fi ki — a'a, wannan ya yi zafi da yawa. Zai ce, ina neman a sake duba aikina bisa ƙa'ida. Haka. Bisa ƙa'ida.

"Tsari ya yi, haske ya yi. Amma Baba, duk mutanen nan tsoron mai hoton suke ji."

Baba. Haka ta kira shi jiya, ko Malam ɗin ma ba ta ce ba. Yarinyar da ba ta kai Autarsa ba, da lasifika a hannu, tana murmushi kamar alheri ta yi masa. Daga bayan ɗakin wani ya yi dariya, ya san muryar, tsohon akawun nan ne mai tari. Wannan bai dame shi ba, akawu ya yi ta dariya har ya shaƙe. Abin da ya dame shi… Babba. Babban ɗansa, a jeri na biyu, mutum mai iyali, mai furfura a gemu. Da ya miƙe ya ce ba haka ba ne. Da ko kai ya girgiza. Sai ya sunkuya yana kallon takalminsa. Me ke jikin takalmi?

Ga hoton nan, kowa ya zo ya gani. Ina laifinsa? Ya jira rana ta sauka daga bango kafin ya ɗauka, hasken taga ya shigo ta hagu, a hankali, ba ya ƙona goshin kowa. Ya cire kalanda. Ya ɗauke fankar tsaye. Kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku, ba karkata ko ta gashi ɗaya. Dogaye a baya, gajeru a gaba, surukai a gefe, jikoki a ƙasa, yadda ake jera aji a ƙarshen shekara — kuma hotunan ajinsa ne kullum shugaban makaranta yake ratayewa a ofis, wannan ba shi ya faɗa ba, kowa ya sani. Hannu a gefe. A rufe baki. Kai, gyara wuyan rigarka. Wannan ne tsoro? Ladabi ne. Yaran yanzu ba su san bambancin ba, shi ya sa…

Amaryarsa ce kawai ta ɗan ba shi wahala. Jikar nan tasa, 'yar Babba, mai cewa ta fasa auren tunda angon ba haƙora. Ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Tsawa ɗaya ya yi. Ɗaya tak, ba mai ƙarfi ba ma. Ga ta nan a gaba, ta tsaya ƙyam, hannu a gefe, yadda ake so. Idonta dai… ba cikin kyamara take kallo ba. Sama kaɗan. Babba ma haka. Auta ma. Matar Babba, mijin 'yarsa ta tsakiya, duk sama kaɗan da kyamara, inda kan mai ɗauka yake. Kuskuren tsayin sanda ne. Da ya ɗaga ta kaɗan. Wannan sai a cire masa maki ɗaya, ya yarda, shi ba ya gudun gyara.

Amma a ba wancan na ɗaya?

Ga shi dab da nasa, an liƙa masa jan ƙyalle a kusurwa. Na uwar yara. Matarsa. Da wayarta mai fasasshen gilashi ta ɗauka, Auta ce ta tura shi gasar ba da saninsa ba. Rana ɗaya, falo ɗaya, mutane ɗaya. A duba da idon gaskiya: hoton ya karkace kamar falon zai zube. Ta fuskanci taga, haske ya cinye rabin labule. An yanke wa suruki kai daga goshi. Ga silifas ɗaya a tsakar ɗaki, ɗaya! ina ɗayan? Jerin ya watse, Auta ta kwanto a kafaɗar yayarta, Babba ya wage baki kamar…

Wushirya. Babba yana da wushirya.

Ai ya sani. Tun yana ƙarami. Ya sani mana, shi ya haife shi. Mantawa dai ya… yaushe rabon da ya ga haƙoran yaron nan?

Ba wannan ba ne maganar. Maganar ƙa'ida ce. Kuma ya faɗa jiya, bai ɓoye ba, da aka ce ko akwai mai tambaya ya miƙe. Ya nuna karkatar, ya nuna hasken, ya nuna silifas. Sannan ya nuna babban laifin: wani duhu a gefen dama, baƙi, ba siffa, ya cinye kusurwa guda yana janye ido daga mutane. Ya ce ko ɗan aji ɗaya ya san a yanke wannan. Alƙaliyar ma ta yarda, ta ce ita ma ta ba da shawarar a yanke, hoton zai fi tsabta. Ka ji! Ita da bakinta. Sai uwar yara daga inda take zaune, ko murya ba ta ɗaga ba:

"Na gan shi, Malam. Ni na ce a bar shi."

Taurin kai, ya ce. A lasifika ya ce. Ɗakin ya yi tsit, irin tsit ɗin da ya saba da shi, har ya ji daɗinsa kaɗan, Allah ya sani ya ji daɗinsa. A gida ta kawo masa shayinsa yadda take kawowa kullum, ba sukari, ta ajiye a gefen da hannunsa yake kaiwa. Kofin gasar kuwa bai ga inda ta sa shi ba. Ba ya kan kabad. Ya duba.

Ina tabarau… jiya da gaggawa ya shigo, a mota ya bar shi. Yau ga shi a aljihu. Bari ya dubi duhun nan da kyau, don in ta zo ya nuna mata da yatsa, ƙofa ce ko labule, ta san ba da ka yake magana ba.

Ba ƙofa ba ce.

Kafaɗa ce. Bayan mutum, ya duƙa. Ga gefen hula. Ga wani siririn jan layi a bayan kunne — biro. Jan biro. Wane ne yake yawo da jan biro a kunne a cikin gidansa, shekara da shekaru bayan ya bar aji, ba littafin da zai duba…

Batirin kyamara ne ya mutu. Ya tuna. Ya ce kowa ya tsaya inda yake, ya juya ya duƙa kan jaka yana neman wani. Bai daɗe ba. Ya ji wani motsi a bayansa, kamar iska ta shiga ɗaki, ya ɗago, ya juyo: kowa a layinsa, baki a rufe. Kamar a aji. Yana rubutu a allo, alli yana ƙara, ƙus-ƙus a baya, ya juyo — tsit. Malaman da ke koyon aiki har zuwa suke su ga yadda yake yi. Yana alfahari da wannan. Ya sha faɗa a gida, a kan abinci, suna ji, suna gyaɗa kai.

Ashe abin da ke bayansa ke nan. Duk shekarun nan. Wannan falon, wannan dariyar, da zarar ya ba da baya…

Kuma ita tana gani. Tana gefe da wayarta, tana ganin biyun.

Ga amaryarsa. Jiya bai lura ba, silifas yake kallo. Ta fita daga layi, ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ta miƙa hannu wajen duhun, saura kaɗan ta fizge hular. Abin da suke wa dariya ke nan. Da ya ƙara jinkiri kaɗan da ta fizge. Da ya yi me? Da ya yi dariya? Zai so ya ce da ya yi dariya.

Ya ɗora tafin hannunsa a kan gilashin, ya rufe kusurwar. A gwada, bisa ƙa'ida. To… ga shi. Ya fi tsabta. Ido ya huta, haske ya daidaita, mutanen sun cika hoton. Gaskiyarsa ce jiya, ɗan aji ɗaya ma ya sani. Iyali ne cikakke, ba abin da ya rage musu. Sai hannun yarinyar kawai, a miƙe, ba ya nufin komai.

Ni na ce a bar shi.

A gaban 'ya'yanta ya ce mata taurin kai. A gaban surukai. Ita kuwa shayi ta kawo.

Takun takalmi a baranda. Muryar mai gadi yana ce wa alƙaliyar, ga shi can ciki, tun ɗazu yake jira. Me zai ce ne ma? Ina neman a sake duba… a janye… wa zai janye, me za a janye? Da ya karɓi kujerar nan.

"Baba, ina kwana? An ce kana nemana."

Hannunsa yana kan gilashin har yanzu. Ya kasa ɗagawa.