Hajiya ta wanke mini tashar jirgi

Ni Rabe, direban motar kaya ne a Gorton, nan ƙasar Turawa. Boko ban yi nisa ba, amma hannuna ya iya aiki. Wata rana na kai kaya Salford, na ga wani guntun tsohon layin dogo binne a cikin kwalta, daga zamanin da jiragen ruwa ke sauke kaya a wurin. Shi ke nan abin ya shige ni. Na sayi katako mai tsawon ƙofa, na fara gina tashar a ɗakin baya, ƙarama: sito na jan bulo, ƙugiyar ɗaukar kaya, taragon kwal, da ɗan kan jirgi da ke tafiya da lantarki.

Masu wannan harka, dauɗa suke kallo. Kowa zai iya sayen tarago mai ƙyalli a shago. Gwaninta ita ce ka sa shi ya tsufa. Garin kala nake shafawa da ɗan burushi, tsatsa nan, baƙin hayaƙi can, har ka rantse ruwan sama ya shekara hamsin yana dukansa. Shekaru na yi ina wannan. Da Zoe, matar da ke shirya baje kolin Birmingham, ta ga hotuna, ta ba ni tebur a babban zaure. Ana bin layi a daɗe kafin a samu.

Ana sauran 'yan kwanaki sai surukata Hajiya Raki ta zo daga Kano. Mace ce da ba ta iya zama haka. Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da taraguna jere a kan tawul a kicin, kamar kofunan shayi. Fes. Sito ma ta bi shi da soso da ruwan ɗumi, har ƙugiyar tana walƙiya.

"Baban Inaya, sannu da dawowa," in ji ta. "An ce gobe za ka kai kayan nan gaban Turawa. Haka za ka kai su da ƙura, a ce ba ka da mace a gida? Tun safe nake fama. Wata tsatsar sai da na sa farce."

Na durƙusa, kaina a ƙasa. Na ce, "Allah Ya saka da alheri, Hajiya."

To me zan ce? Matar da ko ido ba na haɗawa da ita.

Na ja matata Kubura gefe. "Kina ina aka yi wannan?"

"Ina wurin likita da Inaya. Kuma ka rage murya."

"Ki gaya mata ta yi mini ɓarna."

"Ni? Uwata ta kwashe yini tana maka hidima, in ce ta yi ɓarna? Kai ka gaya mata mana, ga ta can."

Ta san ba zan iya ba. Na rufe ƙofa na fara mayar da kala a gaggauce, sai ga Hajiya ta leƙo da kwanon abinci. "Af, kar ka sake ɓata su fa." Na ajiye burushi.

Da safe na loda kayan na kama hanyar Birmingham, ko rediyo ban kunna ba. Zoe ta zo da fara'arta. Tana ganin abin, fara'ar ta gudu. Ta duba wayarta, ta duba tebur.

"Rabe, wannan ba shi ne na hoton ba. What happened?"

"An wanke."

"Wa ya wanke?"

"Babba ce. Ba a yi mata magana."

Ba ta gane ba, ni kuma ban yi bayani ba. Ta ce babban zaure na waɗanda suka gama aikinsu ne, ta ba wani dattijo teburina. Ni aka kai ni kusa da ƙofa, wajen da yara ke wasa. Yini guda ina hana 'ya'yan mutane murɗe mini ƙugiya. Da na tambaye ta zancen baɗi, ta ce in sake turo hotuna, in koma bayan layi.

Da la'asar Kubura ta kira, ta miƙa wa Hajiya wayar.

"Sun yaba?"

"Yara sun ji daɗi, Hajiya."

"Ka gani! Af, na ga wani kwali a ƙarƙashin gadonku, su ma duk sun yi baƙi. Gobe in Allah Ya kai mu."

Taragun da na fi ji da su ke nan, waɗanda tebur bai ɗauka ba. Na yi tunanin kwaɗo, amma sa kwaɗo a gidan da surukarka take, zagi ne.

Na ce ta ba ni Kubura. "Kwalin nan, ki sa shi a but ɗin motarki yanzu, ki ce na wani ne."

Na wuce Perry Barr wurin abokina Sha'aban, na sauke tashar a garejinsa. Ya tambaye ni zuwa yaushe.

Na ce sai bizar Hajiya ta ƙare.