Yero Ya Ce Da Sauƙi

Shekarar da sojoji suka koma bariki, kowa ya wayi gari da ɗan'uwa a gwamnati. A wani asibiti can bayan Ƙofar Sauri, sai ga Zubair, ƙanen matar sabon kansila, an ɗora shi shugaban ɗakin maza. Wata shida ke nan da gama makarantar jinya. Farar riga kullum a goge, biro uku a aljihu, abin sauraren ƙirji rataye a wuya, amma ba wanda ya taɓa ganin ya sa shi a kunne.

Daga ƙafar gado yake duba marasa lafiya. "Malam, yaya jiki?" A ce, "Da sauƙi." Sai ya rubuta. To don Allah, wane Bakatsine za a gaida da jiki ya ce babu sauƙi? Ko rai ake ja, da sauƙi zai ce, har ya ƙara da alhamdu lillahi.

Ran nan da hantsi aka kawo Yero, makiyayi, sa ya tunkuye shi a ciki. Ba jini, ba rauni. Zubair ya tsaya nesa saboda warin shanu.

"Yero, yaya jiki?"

"Da sauƙi."

"Ciwo fa?"

"Kaɗan."

Bafulatani, ga surukinsa tsaye a kansa! Ai ko hanjinsa na waje ba zai yi nishi gaban suruki ba.

Zubair ya ce, "A ba shi ƙwaya ya tafi. Gobe kansila zai zo da mai hoto, ba na son cunkoso."

Sista Delu, wadda ta shekara ashirin da biyu a ɗakin, tana gyara shimfiɗa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka taɓa shi kuwa?"

"Shi da bakinsa ya faɗa. Ni zan ƙaryata shi?"

Delu ta roƙi surukin ya ɗan ba su wuri. Ta kama wuyan hannun Yero tana kallon agogonta: bugun jini na gudu, siriri kamar zare. Hannu sanyi, ga gumi. Ta ja fatar idonsa, fari fat. Ta ɗora tafi a cikinsa, tauri kamar ƙwarya.

"Ɗana, ya fita. Mi kake ji?"

"Inna, mutuwa nake."

Ta sa masa ƙarin ruwa, ta ruga ta kira likita da kanta. Kafin azahar an shiga da shi tiyata. Saifa ce ta fashe, jini na ta zuba a ciki.

Washegari kansila ya zo. Wa kuke zaton ya tsaya gefen gadon Yero yana gyara kwalar riga don hoto? Zubair ne. Ya duƙa ya ce, "Yero, yaya jiki?"

"Da sauƙi."

Delu tana wucewa da tasa ta ce, "Rubuta, ranka ya daɗe. Yau dai gaskiya ne."