Zaren da Femma Ta Tauna

A unguwarmu ta Yahudawa a Amsterdam ba a yi wa mutum ɗinki da rigar a jikinsa. Gawa ake yi wa haka, a ɗinke mata likkafani tana kwance. In ya zama dole, sai a ba mai rigar guntun zare ta yi ta taunawa har a gama, don mutuwa ta ga baki yana motsi ta wuce. Uwata tela ce, ni ma tela ce, kuma ban taɓa karya wannan ba, har a sansanin da Jamusawa suka tsare mu a hunturun 1944.

Mu uku ne a katakon kwana ɗaya: ni Dina, da Betje mai sayar da kifi, da Femma, malamar makaranta 'yar shekara ashirin da huɗu. Ba mu haɗa uwa ko uba ba. Amma a can macen da ba ta da kowa ba ta kai wata biyu. Dole a sami mai riƙe miki kwano in kin zaga, mai cire miki kwarkwata, mai tare ki in jiri ya ɗebe ki a layi. Masu cewa kowa ta yi ta kanta na ga ƙarshensu, ba su fi mu daɗewa ba.

Aikinmu ɗaukar buhunan siminti. Gudawa ta kama Femma mako biyu, ta zube har rigar fursunan tana lilo a jikinta. Ran wata Lahadi da hantsi labari ya zo cewa likitan soja zai duba mu da rana. Wadda ya ga ba ta da sauran ƙarfin aiki, mota za ta tafi da ita, kuma motar ba ta taɓa dawo da kowa ba.

Betje ta ƙare wa Femma kallo ta ce, "Ni kifin da ya kwana uku a tebur ma na san yadda ake gyara shi a sayar. Yaya Dina, fito da kayan aiki."

Ina da allurar da na wasa daga guntun waya, da zaren da na zare daga gefen bargo, da takardar buhun siminti da muka ɓoye. Haramun ce a wurinsu, in an kama bulala ce. Na murtsuke ta har ta daina ƙara. Nufina in ɗinka ta a cikin rigar, a kafaɗu da ƙirji, ta ciko kaɗan. Femma ba ta iya ɗaga hannu balle a cire mata riga a wannan sanyin, don haka sai dai a jikinta.

Na tsinko zare na miƙa mata. "Tauna."

Ta kawar da kai. "Camfi ne, Yaya. Shekara biyu ina hana yara irin wannan a aji."

"Ba a aji muke ba. Tauna."

"Ki ɗinka haka nan," ta ce a hankali. "Ai likkafanin ne. Na gaji. Ku raba burodina, ku bar ni in hau motar."

Na soke allurar a bargo na naɗe hannu. "To nemi masu wankan gawa. Ni tela ce, masu rai nake yi wa ɗinki. Kuma ki sani, miyar da Betje ta yi kwana goma tana rage miki ba don ta ƙoshi ba ne. Ba ki da ikon zubar da ita."

Betje ta karɓi zaren ta kai mata baki. "Haba malama, naman sa ne fa, da albasa na soya shi. Kin taɓa ganin an ƙi nama a gidan nan?"

Femma ta daɗe tana kallonmu. Can ta buɗe baki ta karɓi zaren.

Ban gama ƙulli na ƙarshe ba aka busa usur. Muka fita fili muka jeru biyar biyar, ni da Betje mun sa ta tsakiya. Cikin gaggawa ba wadda ta tuna ta ce mata ta tofar, ita kuma tsoro ya sa ta ci gaba da taunawa.

Wata mai gadi da ke tafe gaban likita ta ga muƙamuƙinta yana motsi. Ta tsaya. "Me kika sata?" Ta kwaɗa mata mari dama da hagu, ta matse mata baki ta zaro abin da ke ciki: jiƙaƙƙen zaren bargo. Ta yar, ta goge hannu a siket, ta wuce. Da a ƙirji ta buge ta, da ta ji takarda, da mu uku mun shiga uku.

Likita ya iso. Ya ga kumatu jawur, kafaɗu a cike, da idanun da fushi ya buɗe. Ya nuna ta da sanda zuwa ɓangaren masu aiki. Bai tsaya ko daƙiƙa biyu ba.

Kada kowa ya ce mini zare ne ya cece ta. A bayanta akwai wata Roosje daga Groningen, ramarsu ɗaya, aka ɗauke ta. Takardar da nake da ita ta mutum ɗaya ce, na ba tawa, kuma na san abin da na yi. Betje ma zazzaɓi ya kashe ta saura wata guda a buɗe ƙofar sansanin a sake mu. Abin da na sani kawai, da hantsin ranar Femma ta yarda ta mutu, da ta karɓi zaren kuma ta fasa.

Yanzu tana koyarwa a Haarlem, har gobe camfi take kiran abin. Bara ta kawo 'yarta, ƙaramar Betje, in rage mata tsawon rigar makaranta. Suna saurin kama jirgin ƙasa, na ce yarinyar ta tsaya kan kujera da rigar a jikinta. Kafin in zura allura, Femma ta tsinko zare da haƙori ta sa wa 'yar a baki.

"Mama, na mene ne?"

"Tauna kawai," ta ce. "Goggonki ba ta son musu."